Shekarar da Aka Sare Dawar Modu

Ni ne na yi laifi, ba Modu ba. Na daɗe da sanin haka a raina, amma sai bana bakina ya iya faɗa. Shekara talatin da wani abu ke nan mutanen ƙauyenmu, nan gefen Toranke, suna kiran wata damina da sunan "shekarar dawar Babarbare", kuma duk wanda ya tashi a garin ya ji ana cewa Modu ne ya kawo mana ciwon ganyen da ya cinye dawar mutane. Ba shi ba ne. A gonata ciwon ya fara, ni na ɗauke shi a kaina na ratsa da shi ta cikin tasa, ni ne kuma na fara ɗora masa laifin. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka zan rubuta abin yadda ya faru kawai.

Markar bana ce ta tayar da maganar. Kwana tara a jere rana ba ta fito sosai ba. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, irin wanda ashana ke ƙin kamawa a cikinsa, gishiri ya narke a gwangwani, tabarma ta riƙa warin danshi. Ran nan da safe ɗana Nasiru, wanda yanzu shi ke noma gonar gidanmu, ya shigo zaure riƙe da ganyen dawa biyu, ya ce, "Baba, dubi wannan. Ka taɓa ganin irinsa?" Ɗigo-ɗigo ne ja a jikin ganyen, tsakiyar kowane ɗigo ya yi fari-fari kamar toka, wasu sun haɗe sun ƙone gefen ganyen. Na karɓa na juya shi, na ce masa na taɓa gani. Sai na zauna a kan dakali.

Modu maƙwabcina ne na gona. Kakansa ne ya zo daga gabas fataucin kanwa, ya ga wuri ya zauna. Shi Modu a nan aka haife shi, Hausa ce a bakinsa kamar kowa. Mu kuma Fulanin gida ne, shanun sun ƙare tun zamanin kakana, Fulatancin ma ya bi su, abin da ya rage mana sai wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Wanda ya san wannan wasan ya san cewa duk abin da Bafulatani ya faɗa wa Babarbare, ko Babarbare ya faɗa wa Bafulatani, ba a yin fushi, ba a kai ƙara. Layin gamba ɗaya ne ya raba gonakinmu, kuma ta kan gambar nan muke yini muna jifan juna da magana.

"Bafillace, wannan kunyar taka ce ko maciji ne ya wuce?" in ji shi.

"Kai dai Babarbare ka ji kunya. Ka zo garin mutane da buhun kanwa, yanzu ka fi su gona."

"To ai gonar ce ta gane mai ita. Kai da fartanya kamar an ba akuya carbi."

Gaskiya ya fi ni noma. Kafin in gama kunya uku ya gama biyar, kuma tasa a miƙe. Ina dariya tare da shi, amma abin yana ci mini rai, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A shekarar da nake magana, na tafi cin rani Kano, ina dako a kasuwa. Na ji daɗin zaman birni, na ƙi dawowa da wuri. Matata Talatu ta aiko mini sau biyu cewa hadari ya fara haɗuwa, mutane sun gama sharar gona. Ban taso ba sai da ruwan shuka ya sauka. Na tarar da kowa ya kai taki, ya ƙone abin ƙonawa, ni kuwa karan dawar bara yana nan zube a gonata yadda na bar shi, don a kakar da ta wuce kawunan kawai na yanke na yi gaba. Na tuna a baran na ga jajayen ɗigo a wasu ganyaye, amma kaɗan ne, dawar ta riga ta nuna, ban damu ba. Karan ya sha ruwa, ba zai ci wuta ba. Maimakon in kwashe shi zuwa gida, sai na ja shi na tara a kusurwar gonar, inda ƙasa ta yi kwari, ƙarƙashin wata tsamiya, na shuka dawarmu kaura har gindin tarin. Don in rama lokacin da na ɓata, na zuba iri da yawa a kowane rami, da ta fito kuma ban rage ba.

Modu ya ga tarin ya ce, "Ka kwashe karan nan ka kai wa Talatu ta yi girki. Ko gado za ka bar wa 'ya'yanka?"

Na ce masa gobe. Goben ba ta zo ba.

Shi kuwa a shekarar wani ɗan'uwansa mai suna Bukar ya aiko masa da wani irin dawa daga gabas, fara ce gajeriya, an ce tana saurin nuna. Modu ya yarda da ita har ya ba ta kusan duk gonarsa, gero kaɗan ya sa a gefe. Ta fito kuwa kore shar, ganyenta faffaɗa. Duk mai wucewa ta burtali sai ya tsaya ya duba. Aka yi noman firi, wato na farko, aka yi maimai, ruwa yana zuwa a kan kari. Babu wanda ya yi zaton komai.

Sai marka ta shigo, irin ta bana sak. Da safe raɓa, da rana yayyafi, da yamma wani zafi mai danshi da ke sa riga ta manne a baya. Ganye ba ya bushewa tun daga wayewar gari har faɗuwar rana. Kusurwar tsamiyar nan, da yake inuwa ce kuma dawar ta yi cunkoso, iska ba ta ratsa ta. Wata safiya na shiga na ga ganyayen ƙasa na dawar da ke kewaye da tarin karan sun yi ɗigo-ɗigo ja. Bayan kwana huɗu na koma, ɗigon ya hau ganye na uku da na huɗu, ya kuma faɗaɗa, ya kai taku goma daga tarin ta kowane gefe. Tarin kansa ya yi baƙi, yana wari kamar tsohon rumbu.

Abin da ya zo mini a rai ba gyara ba ne, kunya ce. Modu ya ce in kwashe ban kwashe ba, yanzu in ya gani zan sha baƙar magana har kaka. Sai na ce bari in fige ganyayen in kai wa tumaki a matsayin karmami, ba wanda zai sani. Na riƙa fitowa da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, in fige, in ɗaure, in ɗora a ka. Hanyar da ta zagaya zuwa gida ruwa ya kwanta a kanta, kuma mutane na bi. Don haka sai in tsallake gamba in bi ta tsakanin kunyoyin Modu in ɓulla burtali. Ƙunshin yana ɗigar da ruwa a kafaɗata, yana gogar dawarsa dama da hagu, wandona a jiƙe sharkaf har gwiwa. Safiya biyar na yi ina wannan, kullum ta kwari ɗaya.

Bayan kamar kwana goma ɗigon ya fito a gonar Modu. Na leƙa na gani da idona. Layi ɗaya ne, daga gamba zuwa burtali, kamar an ja zare. Hanyata ce. Ban san yadda ciwo ke tafiya ba a lokacin, amma na san inda ƙafata ta bi.

A satin aka yi gayyar huɗa a gonar mai unguwa. Da rana ta take muka zauna a gindin gawo, aka kawo fura a manyan ƙore. Wani ya ce ya ga dawar Modu ta fara ja ta bakin burtali. Modu ya ce shi ma abin ya dame shi, bai san mene ne ba. Ni kuwa ina tsoron kada wani ya ce a je a duba maƙwabtansa. Sai na riga kowa, na ɗaga ludayi na ce, "Ai dama. Kakansa ya kawo mana kanwa, shi kuma ya kawo mana tsatsa. Babarbare ba ya zuwa hannu rabbana."

Aka yi dariya, har da Modu. Ya ce, "Bafillace, sha furarka, ita kaɗai ka iya." Amma wani dattijo a cikinmu bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayinsa ya ce, "Wasa dai wasa ne, amma ku duba. Kaura muke shukawa tun iyaye da kakanni. Ba mu ga wannan abu ba sai da baƙon iri ya shigo gari." Da na so, a nan zan ce wasa nake yi, a je a ga kusurwata. Na ci gaba da shan fura.

Kwana uku bayan haka mai unguwa ya zo da dattawa huɗu suka shiga gonar Modu. Ɗigon ya riga ya fita daga layin ya bazu. Ni ina tsaye a bakin gamba. Kusurwata tana can bayan dogayen kara, na fige ta tas, ba a hangen komai. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Haruna, kai ne maƙwabcinsa. A ina ka fara ganin abin nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tasa na gani."

Wannan kuma ba a wasa na faɗa ba.

Dattawa suka yi shawara a tsaye, aka ce a sare dawar duka kafin ta kama ta sauran jama'a. Modu ya cire hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ta yi ciki fa. Kwana ashirin ta fitar da kai. A bar ni in fige inda ya kama." Mai unguwa ya ce gona ɗaya ba za ta ja wa gari ba, in kaka ta yi kowane gida zai ba shi dami. Modu ya dubi dawarsa, sannan ya ce, "In dai ni na jawo, to a sare."

Washegari aka yi gayyar da ban taɓa ganin irinta ba, babu kiɗa, babu kirari, babu mai tsokanar wani. Modu ne ya fara sa adda. Ni ma na sare, kunya biyu na ɗauka. Karan ɗanye ne, yana fitar da ruwa mai zaƙi, in ka tsaga cikin sai ka ga ɗan kan dawar a naɗe, fari fat. Matarsa Falmata ta kawo wa ma'aikata ruwan sha kamar yadda ake yi a kowace gayya, ta ajiye tulun ta koma gefe ta tsaya. Ana yayyafi, don haka wuta ba za ta ci ba. Sai mutane suka ce ai asara ce a bar ɗanyen ganye haka, kowa ya ɗaura ƙunshi ya kai wa dabbobinsa. Na tsaya ina kallon mutum sama da ashirin, kowa da ƙunshi a ka yana ɗiga, kowa ya nufi gida ta cikin gonarsa. Na san abin da nake kallo, ban buɗe baki ba.

Kafin sati biyu babu gonar dawar da ba ta kamu ba. Duk hadarin da ya taso daga gabas da iska, in ya wuce sai a ga ja ya ƙara gaba ta yamma. Lokacin da ya kamata gari ya yi kore, ka hau tudu ka duba sai ka ce gobara aka yi. Ganyayen suka bushe tun dawa tana bununi, karan ya yi laushi, iska kaɗan ta kwantar da shi. Da aka yi girbi, damin da a da sai mutum biyu sun ɗora wa jaki, mace ɗaya take ɗauka da hannu. In aka sussuka, ƙaiƙayi ya fi tsaba. Alkawarin da aka yi wa Modu ba wanda ya cika, wasu don ba su da shi, wasu don sun ce shi ya jawo.

Gero ne ya riƙe mu zuwa tsakiyar rani, sannan rumbu ya fara amsa kuwwa in an sa kai. Azumi ya zo a tsakiyar bazara. Zafin shekarar har yau ina jin sa a tafin ƙafata. Rijiya ta ja baya, mata suna yini a bakinta. Talatu ta mayar da girki sau ɗaya. Da hantsi ta auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo, ta surfa, ba ta zubar da dusar, ita ce kunun buɗa baki. Da la'asar ta jiƙa busasshiyar tafasa ko rama ta yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Tuwon in an kwashe, ta kankare ƙanzon ta shanya a kan rufi don yara su samu na safe. Na koyi tauna a hankali. Tumakin da na ciyar da karmamin nan duk sai da suka tafi kasuwar Gaya ɗaya bayan ɗaya.

Mu ke nan da muka girbi wani abu. Gidan Modu, wata rana har magariba ba ka ganin hayaƙi. Ga yunwa ga maganar mutane. In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Mata suka daina aika wa Falmata ko gishiri. Wata rana Talatu tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ni fa na ga irin karmamin da ka riƙa kawo wa tumaki kafin a ce komai a kan gonar Modu."

Na ce, "Ki yi tankaɗenki."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Amma daga ranar, duk abin da ta auna sai ta rage ɗan kaɗan ta kai wa Falmata a ƙarƙashin mayafi. Ina gani, ban hana ba, ban kuma ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Kafin damina ta zagayo Modu ya sayar da sansa na huɗa, ya kwashe iyalinsa zuwa Kademi, wajen dangin Falmata. Ranar tafiyar ya biyo ta ƙofar gidana, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Bafillace, na bar maka iyaka. In na dawo na ga ka ci mini gamba, sai na sayar da kai." Na karɓi hannunsa, ya juya ya tafi. Bai dawo ba.

Tun daga shekarar ban sake barin kara ya kwana a gona ba. Ni ne na farko a shara, har ana ba da misali da ni. Na yi ta gaya wa kaina wannan ma tuba ce. Talatu ba ta yarda ba. Duk marka sai ta ce, "Malam, Kademi dai ba Makka ba ce." Haka ta yi ta faɗa har Allah Ya karɓi abarsa shekara shida da suka wuce.

Bana, da Nasiru ya nuna mini ganyen nan, sai ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa malamin gona. A da sai dai a tara dattawa a yi hasashe. Bayan kwana biyu malamin ya zo a kan babur, tayoyin duk taɓo, muka taru a gindin durumin masallaci. Ya ce abin dangin fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. 'Ya'yanta ƙanana ne, ido ba ya gani, suna yin rani a cikin tsohon kara da busasshen ganye. In ruwa ya sauka, ɗigon da ya faɗi a kan karan shi ke fantsama su zuwa ganyen ƙasa. In ganyen ya daɗe a jiƙe sai su huda shi su shiga, bayan kamar sati guda kowane ɗigo ya haifi wasu 'ya'yan ba iyaka, ruwa da iska su kai su sama da gaba. Ya ce shi ya sa ake ganin kamar rana ɗaya abin ya cinye gari, alhali ya daɗe yana ninkawa a wani lungu. Ya ce in duk gari iri ɗaya ya shuka, babu abin da zai tare shi. Ya kuma ce mutum da kansa yana ɗaukar sa a riga da ƙunshin ganye, in ya ratsa gona da raɓa.

Na ce, "Malam, iri fa? Yana kawowa?"

Ya ce, "Yana iya kawowa, Baba. Amma in iri ne, za ka gan shi warwatse ko'ina a gonar tun tana ƙarama. In ka ga ya fara daga wuri ɗaya yana faɗaɗa, ko ya bi layi, to nemi tarin kara ko hanyar da ake bi."

Wani daga baya, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba a waccan shekarar, ya ce, "Mu dai an ce mana a shekarar dawar Babarbare iri ne ya kawo."

Na dafa sandata na miƙe. Na ce ba iri ba ne, ni ne. Na faɗi tarin karan, na faɗi safiya biyar, na faɗi amsar da na ba mai unguwa. Ban taɓa yin doguwar magana a gaban jama'a ba sai ranar. Wasu suka sunkuyar da kai, tsofaffi biyu da suka sa adda tare da ni suka riƙa kallon ƙasa. Liman ya ce, "Malam Haruna, mu mun ji. Amma ba mu ne masu haƙƙin ba." Na ce na sani, aikin gona kawai zan tsaya a gama.

Muka yi aikin kuwa. Aka hana kowa shiga dawa sai rana ta busar da ganye. Ganyen da ya kamu aka riƙa fige shi cikin buhu, a kai rami a binne, ba a ba dabba. Masu hali suka yi feshi da maganin da malamin ya rubuta. A gonar Nasiru muka bi ɗigon baya-baya har muka kai inda ya fara, wani tsohon shingen kara ne da ya faɗi ya ruɓe a gefen gona. Da hannuna na kwashe shi, Nasiru yana cewa in bari, ina cewa ya riƙe buhu. Mun yanke cewa baɗi wake da gyaɗa za a sa a wurin. Ban ce dawar bana za ta tsira duka ba, amma ba wanda aka sare wa gona.

Ranar Asabar na sa Nasiru ya ɗauke ni a babur. Hanya ta lalace, sau biyu muna sauka muna turawa kafin Gaya, ya ce ko mu bari sai ruwa ya ɗauke. Na ce shekara talatin ina jiran ruwa ya ɗauke, ya ja mu tafi. Mun isa Kademi bayan azahar, muka yi tambaya aka nuna mana gidan.

Yana zaune a zaure a kan buzu yana tufkar igiya. Idanunsa sun yi fari, gemu ba baƙi ko ɗaya. Na yi sallama. Ya tsayar da hannu, ya karkata kai, ya ce, "Wannan muryar ta marowacin Bafillace ce. Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, Babarbare."

Ya yi dariya har da tari. Ya tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa waɗanda suka rage. Ya yi mini ta'aziyyar Talatu, ya ce Falmata har ta rasu tana ambaton ta. Aka kawo ruwa, na ajiye shi gefe. Na ce, "Modu, magana ce ta kawo ni, kuma ba ta wasa ba ce." Na faɗa masa duka, tun daga karan da ya ce in kwashe.

Ya ajiye igiyar a kan cinyarsa. Ni na zo da zaton zai ce dama ya sani. Sai ya ce, "Ni fa na yarda, Haruna. Duk shekarun nan na ɗauka ni ne na sa gari yunwa. Bukar da ya aiko mini da irin, na aika masa da magana mai zafi, ban sake taka ƙofarsa ba. Ya rasu ba mu shirya ba. Farar dawa kuwa ko a kasuwa na gan ta sai in kau da kai."

Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai ranar. Na ce masa ban san da maganar Bukar ba. Ya ce, "Ina za ka sani, ba ka zo ba."

Ya ɗaga murya ya sa aka kira 'ya'yansa maza biyu daga cikin gida, manya ne masu iyali, da babbar 'yarsa da ta zo ganin gida. Suka tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Waɗannan su suka kwana da yunwar, su aka riƙa nunawa da baki. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Faɗa tukuna, da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa, na cire hulata, Nasiru yana tsaye a bayana yana ji. Na ce:

"Modu, dawarka lafiyarta ƙalau, irin Bukar ba shi da laifi. Ciwon daga gonata ya fito, ni na kai shi taka, na sani, na yi maka ƙarya a gaban mai unguwa, na kuma sa adda a abincin 'ya'yanka. Na faɗa a gaban mutanen garinmu, yanzu ina faɗa a gabanka da gabansu. Na zalunce ka, na zalunci Falmata, na raba ka da ɗan'uwanka. Ba ni da abin da zan mayar muku. Don girman Allah ku yafe mini."